Talaka a Gindin Gini: Masu Sana'a Cikin Tsofaffin Zane-zanen Biranen Italiya



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne waɗansu tsofaffin zane-zane na biranen ƙasar Italiya, waɗanda aka yi tun daga ƙarni na 14 har zuwa ƙarshen ƙarni na 18, watau kafin a ƙago na'urar ɗaukar hoto. Mutanen Italiya suna kiran irin wannan zane veduta, ma'anarsa abin da ido ya hango. Mai zane yakan tsaya a wani wuri cikin gari, ya zana fada, ko majami'a, ko gada, ko dandali, kamar yadda suke a gabansa. Galibin waɗanda suka yi rubutu a kan waɗannan zane-zane gine-ginen ne suka ɗauke musu hankali, ba a kuwa ga laifinsu ba, gama domin gine-ginen aka biya kuɗin aikin. Ni kuwa so nake mu sunkuyar da kai mu dubi gindin ginin, inda ɗan dako yake tafe da kaya a kafaɗa, mai wanki tana shanya, ɗan fito yana jiran wanda zai haye. Me ya kawo waɗannan mutane cikin zanen? Har ina mai nazarin tarihi zai iya gaskata abin da ya gani game da su? Abin da nake son nunawa shi ne, girman da aka ba mai sana'a cikin zane, da irin kamar da aka ba shi, sun danganta ne ga wanda ya biya mai zanen.

Bari mu fara da birnin Siyena, cikin lardin Toskana. A shekarar 1338 majalisar da ke mulkin birnin, wadda ake kira Majalisar Mutum Tara, ta sa wani gwani mai suna Ambrogio Lorenzetti ya yi mata zane a bangon zauren da take zama, ya kuwa gama a 1339. Irin zanen nan ne da ake yi a kan ɗanyen yaɓe, launi ya shiga jikin bango su bushe tare, shi ya sa har yau yana nan. Bango ɗaya, mai tsawon kamar mita 14, ya nuna birni da ƙauyukansa a ƙarƙashin mulkin adalci. Ga magina can saman gida suna ɗora tubali, ga masu ɗinkin takalma a rumfarsu, ga malami yana karantar da yara, ga masaƙa, ga makiyayi yana kora tumaki, ga dabbobin dako suna shigowa ta ƙofar gari da kaya niƙi-niƙi. A bayan ganuwa kuma manoma suna huɗa, waɗansu suna girbi, waɗansu suna sussuka. A bangon da ke fuskantar wannan aka zana birnin azzalumi, gidaje suna rushewa, sojoji suna kama mutane, mai sana'ar da ya rage yana aiki kuwa shi ne maƙerin makamai.

Ma'aikatan hukuma da ke zaune a nan ba za su rasa gane wannan zane ba, domin shi ne kakan hotunan da ake sawa cikin rahoton shekara na ma'aikatu. An kawo magini da masaƙi ne su ba da shaida cewa masu mulki suna riƙe da amana. Majalisar nan ta attajirai ce, irin waɗannan masu aikin hannu ba su da kujera cikinta. Shekara goma bayan fara zanen, a 1348, annoba ta faɗa wa Siyena ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa. A 1355 aka yi bore aka kori Mutum Tara, a 1371 kuma ma'aikatan ulu na birnin suka yi nasu boren. Duk da haka wanda yake son sanin yadda ake kafa katakon tsayawar magina a wancan zamani, ko yadda ake ɗaure kaya a bayan dabba, zai same shi a bangon nan filla-filla.

Daga Siyena sai mu nufi arewa maso gabas, zuwa birnin Benis, wanda aka gina a kan tsibirai cikin ruwan gishiri, inda mashigan ruwa suka zama tituna, kwalekwale ya zama abin hawa. Wajen shekarar 1495 wata ƙungiyar addini ta birnin ta sa Vittore Carpaccio ya zana mata labarin wata karama, watau yadda aka warkar da wani mai taɓin aljanu kusa da gadar Riyalto. Abin mamaki, karamar da aka biya shi dominta sai ya tura ta can kusurwar hagu a saman bene, ya cika sauran filin da harkar gari. Ana ganin tsohuwar gadar katako mai tsakiyar da ake ɗagawa jirgi ya wuce, wadda daga baya aka maye gurbinta da ta dutse tsakanin 1588 da 1591. Ana ganin wanki a rataye a kan sanduna, wata mace tana kakkaɓe darduma, wani yana gyaran rufin ɗaki, wani yana ɗauraye ganga. A gaba-gaba kuwa, tsakiyar ruwa, ga wani baƙin mutum, ɗan Afirka, sanye da tufafi masu kyau, yana tuƙa kwalekwale. An daɗe ana ɗaukarsa kamar ado ne mai zanen ya ƙara. A 2013 wata masaniyar tarihi, Kate Lowe, ta buga binciken da ta yi cikin tsofaffin takardun birnin, ta nuna lalle akwai 'yan Afirka da aka kawo Benis a matsayin bayi, waɗansu suka sami 'yanci, suka shiga sana'ar fito har da ƙungiyoyinta. A nan zane ne ya fara yin nuni, takarda ta zo ta gaskata shi bayan shekara ɗari biyar.

Akwai wani reshe na wannan al'ada da ya kamata a ambata a gurguje. A birnin Bolonya, Annibale Carracci, ɗan tela, wanda ɗan'uwan mahaifinsa mahauci ne, ya riƙa zana 'yan talla da masu ƙananan sana'o'i ɗaya bayan ɗaya: ɗan dako, mai sayar da tukwane, mai yasar rijiya, mai share bututun hayaƙi, mai cire haƙori, har da mai tallar tumbi domin kyanwoyi. Ya rasu a 1609, sai a 1646 aka buga guda 80 daga cikin zanen a birnin Rum, galibin na asalin kuwa sun ɓace. Nan mai sana'a ya cika takarda daga sama har ƙasa, ana ganin yadda nauyin kaya ya karkata masa kafaɗa, amma kusan babu gari a bayansa. Sai mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

Zanen birni bai zama sana'ar kasuwa sosai ba sai da baƙi suka yawaita. Tun daga ƙarshen ƙarni na 17, har cikin na 18, ya zama al'ada ga 'ya'yan sarakuna da na attajiran Ingila, idan sun gama makaranta, a haɗa su da malami su ratsa Faransa su shiga Italiya, su yi shekara ɗaya ko biyu suna ganin duniya. Mai tafiya kuwa ba ya komawa gida ba tsaraba. Tsarabar da suka fi so ita ce hoton wuraren da suka gani, wanda za su rataya a zaure baƙi su san lalle sun je. Wanda ya fara kafa wannan sana'a a Rum baƙo ne shi ma, Gaspar van Wittel, mutumin Holan, da ya zo birnin wajen 1675. Aikinsa na fari shi ne bin wani injiniyan ruwa ɗan ƙasarsu yana zana masa kogin Tiber, domin shirin gyara shi jirage su riƙa bi. Daga awon injiniya ke nan sana'ar ta samo daidaiton layinta. A Benis kuma Luca Carlevarijs ya buga littafin wurare fiye da 100 na birnin a 1703. Yadda ake buga irin wannan littafi shi ne, a shafe farantin jan ƙarfe da kaki, a zana a kai da allura, a tsoma cikin ruwa mai cin ƙarfe, sa'an nan a shafa tawada a danna takarda. Da faranti ɗaya sai a fitar da ɗaruruwa, wanda bai iya sayen zanen fenti ba ya sayi na takarda.

Sunan da masu wannan sana'a suka ba mutanen da ke cikin zanensu ya isa a tsaya a kansa. Suna ce musu macchiette, watau 'yan ɗige-ɗige, ko 'yan tabo. Amfaninsu na fari awo ne: in ba a tsai da mutum a gindin hasumiya ba, mai kallo a Landan ba zai san tsawonta ba. Amfani na biyu shi ne a karya faɗin dandali da ɗan ja ko shuɗi, kada wurin ya yi kama da kufai. A gidan adana kayan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan akwai tarin 'yan zane-zanen da Carlevarijs ya yi na mutane su kaɗai, matuƙan kwalekwale da masu yawo da sauransu, waɗanda yake ajiyewa yana ɗauko wanda ya dace yana dasawa cikin babban zane. Saboda haka ɗalibi ya yi hattara. Mutumin da ka gani tsaye a wani dandali mai yiwuwa ne bai taɓa tsayawa a wurin ba, kuma kana iya sake gamuwa da shi a wani dandalin dabam, da hularsa da tsayuwarsa ba abin da ya sake.

Yanzu mun iso ga wanda ya fi kowa suna, Giovanni Antonio Canal, wanda aka fi sani da Canaletto, haifaffen Benis a 1697, ɗan mai zanen labulen gidan wasan kwaikwayo. Wajen 1725, yana saurayi, ya yi wani zane da ke gidan zane-zane na ƙasa a Landan, wanda Ingilishi suka laƙaba wa sunan farfajiyar masassaƙan dutse. A ganina babu zanen birni na wancan ƙarni da ya kai shi, zan kuwa ɗan daɗe a kansa. Wurin wani ƙaramin fili ne, Campo San Vidal, a bakin babban mashigin ruwan birnin. Ana gyaran majami'ar unguwar, an zube manyan fararen duwatsu irin waɗanda ake kawowa cikin jirgi daga Istiriya, a ƙetaren teku, gama Benis ba ta da dutse nata. An kafa rumfar katako ta wucin gadi. Masassaƙa sun durƙusa cikin duwatsun da guduma da kurfi, ɓarɓashi ya watsu ko'ina. A hagu wani ɗan yaro ya faɗi rigingine, don firgita har ya saki fitsari, uwar ta jingine tsintsiya ta sheƙo a guje, wata maƙwabciya ta leƙo daga bene ta ga abin da ya faru. A dama wata mace tana zaune a taga tana kaɗi, wata kuma ta sunkuya a bakin rijiya. Bangayen gidajen yaɓensu ya ɓaɓɓare, danshi ya ci su. Can ƙetaren ruwa 'yan fito suna jira, an shanya wanki, ga majami'ar Karita da hasumiyar ƙararrawarta.

Ku lura da abin da babu. Babu fada, babu basarake, babu biki, ita kanta majami'ar da ake sassaƙa duwatsun dominta ba ta fito cikin zanen ba. Hasken safiya ya sauka a kan dutsen da ba a gama sassaƙawa ba kamar yadda a wani zanen zai sauka a kan rigar sarki. Masana suna kyautata zaton wani mutumin Benis ne ya sa aka yi shi, mai yiwuwa ɗan unguwar, na kuwa yarda da su, domin baƙon da ya yi mako uku a gari ba zai biya kuɗi a zana masa bayan gida da fitsarin yaro ba. Zanen ya kuma zama shaidar tarihi ta hanyar da mai shi bai nufa ba, gama hasumiyar nan ta faɗi a 1744, ba a kuwa sake gina ta ba. Ginin Karita shi ne yanzu gidan zane-zanen Accademia, inda zanen Carpaccio da muka yi magana a kansa yake rataye.

To, me ya faru bayan wannan? Ingilishi suka gano Canaletto. Wani ɗan kasuwa mazaunin Benis, Joseph Smith, wanda daga baya ya zama ƙaramin jakadan Ingila a birnin, ya zama dillalinsa. Ya sa aka buga littafin samfurin zanensa a 1735, aka faɗaɗa shi a 1742, baƙo ya duba ya zaɓi irin wanda yake so. Basarake ɗaya, mai sarautar Bedford, ya sayi guda 24. Abin da suke nema sananne ne: dandalin San Marko, fadar shugaban birni, babban mashigin ruwa da gidajen manya a jere, tseren kwalekwale, ranar bikin da shugaban yake fita teku cikin jirgin zinariya. Sai rana ta riƙa haskawa kullum cikin zanensa, yaɓe ya daina ɓaɓɓarewa. Masu aiki ba su ɓace ba, har yanzu akwai matuƙa da 'yan dako da masu sauke kaya a bakin ruwa, amma sun ja da baya sun ƙanƙance, a zanensa na ƙarshe-ƙarshe kuwa fuskar mutum ɗigon fenti ɗaya ce, rigarsa lanƙwasa biyu. Hannun bai rage gwaninta ba, mai saye ne ya sake. Da yaƙin da ya ɓarke a Turai a 1740 ya rage matafiya, shi da kansa ya bi kasuwarsa zuwa Landan a 1746, ya yi kusan shekara tara a can. A 1762 Sarki George na Uku ya saye tarin Smith, ciki har da zanen alƙalami na Canaletto fiye da 140, suna nan a hannun gidan sarautar Ingila.

Waɗannan zanen alƙalami suna koya mana yadda aikin yake tafiya. An daɗe ana cewa da akwatin nan mai duhu yake aiki, wanda haske yake shiga ta ƙaramar kafa ya jefa hoton gini a kan takarda a bi shi da alƙalami. A 2017 masu kula da tarin gidan sarauta suka haska zanen da wani haske mai ratsa tawada, suka tarar da layukan fensir da aka ja da abin awo a ƙarƙashi, alamar a ɗaki aka tsara su da lissafi. Littafin da yake fita da shi titi kuma, wanda ke Accademia, cike yake da fuskokin gidaje da 'yan rubuce-rubucen tuni a kan launi, mutane ba su da yawa ciki. Watau gini ake ɗaukowa daga titi, mutum a ƙara shi a gida.

A Rum kuwa mutum biyu ne suka raba kasuwar. Giuseppe Vasi ya buga littattafai 10 tsakanin 1747 da 1761, ya bi birnin kashi-kashi, ƙofofi, dandali, majami'u, fadodi, gadoji, asibitoci, kamar mai ƙidayar haraji. Giovanni Battista Piranesi, wanda ya taɓa koyon aiki a wurinsa na ɗan lokaci, ya bar faranti 135 na wuraren Rum kafin rasuwarsa a 1778. Dukansu sun zana tashar jirage ta Ripetta, wadda aka gina a farkon ƙarnin da matakala masu lanƙwasa har bakin kogi, inda ake sauke itace da giya da mai daga ƙasashen da ke sama da birnin. A zanen Piranesi jirage sun cunkushe a gindin matakalar, ganguna a jibge. Cikin kogin kuma akwai maniƙa da aka ɗora a kan jirage aka ɗaure da sarƙa, ruwa yana juya dutsen niƙa, dabarar da aka fara tun shekarar 537, sa'ad da abokan gaba suka kewaye birnin suka yanke hanyoyin ruwansa. Kasuwar kifi tana cikin kangon wani ginin zamanin Sarki Augustus, da allunan dutse na baje kifi, da wata doka da aka rubuta a marmara, cewa duk kifin da ya wuce wani awo, kansa na mahukuntan birni ne. Dandalin da a dā manyan Rumawa suke shawara ya zama wurin shanu, sunansa ma a bakin mutane filin shanu.

Duk wannan ya tafi. Ambaliyar watan Disamba 1870 ta kawo ƙarshen maniƙan, aka fara gina manyan bangaye a gefen kogin a 1876, tashar Ripetta ta shiga cikin abin da aka rushe, aka ta da kasuwar kifi, masu tonon kayan tarihi suka kori shanu. Wanda yake son ganin yadda Rum take ci da sha kafin wannan, tilas ya koma ga Vasi da Piranesi. Amma ba daidai za a gaskata su ba. Mutanen Vasi suna tafiya a natse, kowa da abin da ya fito yi. Na Piranesi kuwa tsumma ne a jikinsu, sun ƙanƙance, suna miƙa hannuwa kamar masu faɗa da iska, domin abin da yake sayarwa shi ne girman Rumawan dā, ƙasƙancin na yanzu kuwa yana ƙara wa kango kwarjini. Har waɗansu matafiya da suka fara ganin Rum a takardunsa, da suka iso suka tarar kangayen ba su kai yadda suka zata ba. Idan ya ƙara wa gini tsawo, ba abin da zai hana shi ƙara wa talaka tsiya.

Akwai kuma aikin da ba a biyan lada. Wajen 1655 Stefano della Bella ya buga zanen tashar jiragen ruwa ta Liborno, a gaɓar Toskana. Cikinsu akwai gunkin basarake Ferdinando na Ɗaya, da siffofin mutum huɗu na tagulla ɗaure da sarƙa a gindinsa, ɗayansu baƙin ɗan Afirka. Mutanen da ke kai da kawowa a tashar, da yawansu bayi ne na gaske, Musulmi daga ƙasashen Turkawa da Magariba, waɗanda jiragen yaƙin Toskana suka kamo a teku. Su ke tuƙa manyan jiragen da filafili, in an dawo tasha su yi dako da ɗibar ruwa, da dare a kulle su a wani babban gida da aka gina dominsu, wanda har wurin salla aka yi musu a ciki. A ɗaya gefen tekun ma, a Aljas da Tunis da Tarabulus, akwai Nasara da ke cikin irin wannan hali. Mai zanen bai nuna tausayi ba, bai kuma ɓoye kome ba, a wurinsa bawa kayan tasha ne kamar igiya da ganga.

Babban giɓin waɗannan zane-zane shi ne, abin da ke titi kaɗai suke gani. A Benis akwai masana'antar jirage ta hukuma mai ɗaukar dubban ma'aikata a bayan ganuwa, akwai masu narka gilashi da aka mayar tsibirin Murano tun 1291 don tsoron gobara, akwai masaƙan siliki, da barorin gida, da matan da ke aiki a ɗaka. Da ƙyar ake ganin ɗayansu. Wanda ya ce zai ƙidaya sana'o'in birnin daga zane, zai fito da cewa rabin mutanen gari 'yan fito ne. Sai an ajiye zanen kusa da rajistar ƙungiyoyin sana'a da takardun ƙidayar jama'a kafin a san abin da aka yawaita da abin da aka tsallake.

Mutum ɗaya ne ya haɗa reshen nan biyu, garin da mutanensa suka ƙanƙance da mutanen da ba su da gari a bayansu. Shi ne Gaetano Zompini, wanda ya fara buga littafinsa na sana'o'in da ke yawo a titunan Benis a 1753, faranti 60 gaba ɗaya, kowanne da 'yan baitoci cikin karin harshen birnin, waɗanda wani limamin majami'a ya tsara, kamar mai sana'ar ne yake magana da bakinsa. Shi ma wani mai hali ne ya ɗauki nauyin aikin, Anton Maria Zanetti, amma ɗan gari ne, ya san lungunan. Nan mai sana'a yana da girma irin na Carracci, a bayansa kuma ga ƙofa, ga gada, ga mai saye. Akwai mai wasa wuƙaƙe, da mai liƙin tukwane, da mai gyaran kujeru, da masu yashe mashigan ruwa, da mai tallar tawada haɗe da maganin ɓera. Akwai mai kunna fitilun titi, sana'ar da ta samu bayan hukuma ta kafa fitilu a 1732, da kuma mai rakiya da fitila, wanda ake biya ya kai mutum gida da dare.

Akwai kuma mai ɗaukar ruwa, irin 'yan ga-ruwa namu, da sanda a kafaɗa da bokiti biyu, sai dai a can galibi mata ne, da yawansu daga lardin Firiyuli suke zuwa ci-rani. Birnin yana zaune cikin ruwa amma a wancan zamani ba shi da na sha. Rijiyoyin da ake gani a dandali, kamar wadda ke zanen Canaletto, matattarar ruwan sama ce: a haƙa babban rami, a shafe shi da yumɓu, a cika da yashi, ruwan da ya sauka a dandali ya bi ta ramukan dutse ya tace cikin yashin ya taru a tsakiya. Ƙidayar 1858 ta sami irinsu fiye da 6,000. In an yi fari sai jirage su kawo ruwa daga kogin Brenta a zuba musu. Famfo bai iso birnin ba sai 1884.

Cikin mutanen Zompini akwai mai bin gida-gida yana sayen tsummoki da tsohon ƙarfe, shi ne kuwa ya fi kowa kusa da mu. A wancan zamani da tsumma ake yin takarda, a jiƙa shi a kirɓa har ya zama kunu, a ɗebo a matsa a shanya. Masana'antun ƙasar Benis suna yin wata takarda musamman domin kasuwannin Musulmi, mai alamar jinjirin wata uku a cikin jikinta, wadda sai an ɗaga ta ga haske ake gani. Takan bi teku zuwa Masar da Tarabulus, daga nan ta hau raƙumi. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya lissafa ta cikin kayan da ake kawowa kasuwar, tare da duwatsun wuya na Benis. Littattafan malamanmu da yawa na ƙarni na 19 a kanta aka rubuta su, mai yawa daga cikinta kuwa ta gidan Galvani ce, a lardin Firiyuli ɗin nan da masu ɗaukar ruwa suke fitowa. Wanda yake da irin waɗannan littattafai a gidansu yana iya ɗaga warƙa ɗaya ga hasken taga ya duba.